Dutsen Jikata a Bakin Rijiyar Tungar Marke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Tungar Marke.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwarsa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Ɗanki ne na Agege yake gaishe ki. Ba ki taɓa karɓar takarda daga hannuna ba, domin lokacin da kike raye ban iya rubutu ba. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na manya, a wata firamare da ke bayan layin dogo, ina zama a kan bencin yara gwiwoyina na tokarar tebur. Yanzu hannuna ya faɗa, ke kuma ba kya nan. Duk da haka zan rubuta, Auwalu ya sa mini a waya, mutanenmu su karanta.

Inna, na yi jika.

Auwalu ɗana, wanda kika bari yana tatata, shi aka yi wa haihuwa. Matarsa Rashida ta daɗe tana fama, ciki ya zo ya zube, ya sake zuwa ya zube, har muka daina tambaya don kada mu ƙara mata ciwo. Wannan karon Allah ya tsayar. Mace ce. Da ungozomar asibiti ta miƙo mini ita a cikin zani, ban san lokacin da na fara taka rawa a barandar mutane ba, ni da ban taɓa rawa ko a bikina ba. Na dawo teburin da nake sayar da kaya na rabar da alawa da biskit kaf ga duk wanda ya gifta. Maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da barkono ta ce ta ɗauka Makka aka biya mini. Yarinyar tana da kunnenki, Inna, mai ɗan lanƙwasa a sama, kuma idan ta tamke fuska za ta yi kuka, wallahi sai in gyara zama kamar na yi laifi.

Ina riƙe da ita a asibitin abu ɗaya ya faɗo mini a rai, kuma kin san ko mene ne. Dutsenta. Ni ne kaka yanzu, a wuyana yake in ga dutsenta ya hau bakin rijiya kafin a yanka ragon suna.

Ke ba kya buƙatar bayani, amma yaranmu na nan da za su karanta suna buƙata, don haka ki yi mini haƙuri in maimaita abin da na ji daga bakinki.

Kin ce Kaka Bawa mahaƙin rijiya ne. A wata shekarar yunwa ya bar garinsu da iyalinsa da jakunansa, ya yi ta tafiya har ya ga wani marke yana da ganye shar alhali duk dajin ya bushe. Ya sauke kaya a gindinsa ya fara haƙa. Da ya taras da ruwa, ƙasar bakin ta riƙa zubawa ciki, sai ya je fako ya ɗauko dutse, ya sa kowa a cikin iyalinsa ya ɗauko ɗaya, suka jera a bakin. Da aka yi masa haihuwa a wurin, ya ƙara ɗaya. Daga nan abin ya zauna. Duk wanda aka haifa, kakansa ya ɗauko dutsen da sai da hannu biyu ake ɗaga shi, ya dasa a bakin rijiya da laka. Duk amaryar da aka kawo daga wani gari, a sa mata nata. 'Yar da aka aurar waje, nata yana nan, domin ba a cire mutum daga rijiyar ubansa don ya yi nisa. Ranar da mutum ya mutu ne kawai ake zare dutsensa a hankali, a cike gurbin da laka, a kai shi a kafa a kan kabarinsa.

Saboda haka ba mu taɓa buƙatar wani ya gaya mana yawanmu ba. Idan kana son ka san mutanen Tungar Marke, ka je ka dubi bakin rijiya.

Na tuna ranar da kika nuna mini nawa. Kin ajiye tulu, kika kama hannuna kika ɗora a kan wani baƙin dutse mai tsaga a gefe, a layi na ƙasa ta wajen gabas. Na tambaye ki ko zan iya tafiya da shi ɗaki. Kika yi dariya har guga ya kusa suɓuce miki.

Na tuna kuma wani matashin malami da ya yini a wurinmu, ya ga ana dasa dutse ya ce wannan aikin maguzawa ne. Ke ce kika amsa daga bayan danga, ba ki ko ɗaga murya ba: "Malam, ba bauta muke yi ba, ƙirga muke yi." Ya sha ruwan rijiyar ya kama hanya.

Dole mu ƙirga kanmu, tun da ba wanda ya taɓa ƙirga mu da sunanmu. Tungar Marke ba ta taɓa samun mai unguwa mai rawani ba. Muna kan iyakar ƙasar hakimai biyu, kowanne idan abin karɓa ne ya ce mu nasa ne, idan abin bayarwa ne ya ce mu na wancan ne. Akwatin zaɓe a garin kasuwa yake, makaranta a can, ɗakin shan magani a can. Masu ƙidaya da suka zo, a ƙarƙashin sunan garin kasuwa suka zuba mu. Har yau katin shaidar da ke aljihuna sunan garin kasuwa ne a jiki. Gidajenmu ko a lokacin da muka fi yawa ba su fi a zagaye su kafin tuwo ya huce ba. Amma akwai maƙera, akwai masaƙa, akwai masallaci mai rufin azara, kuma da daddawarki ake sanin ranar kasuwa ta zo.

Sannan aka fara ci-rani. Ni ina cikin na farko-farko. Na sauka a Agege da 'yar jakata, na kama turin kurar ruwa, jarkoki cike, daga famfon mai gida zuwa ƙofar mutane. Yarbawa suna kira na mai ruwa, sunan ya bi ni har bayan na buɗe tebur. Da farko muna komawa da ruwan fari mu yi shuka. Daga baya sai mu aika a yi mana. Daga baya muka ɗauko matanmu. Wani ya kama gadi a Ogba, wani dako a Ebute Metta, yara masu tasowa suka hau babur ɗin haya na okada. Ba wanda ya ce ya ƙaura. Kowa ka tambaya zai ce maka yana nan yana ɗan haɗa abin da zai haɗa ne ya koma.

Kuma ba mu yar da al'ada ba, Inna, ki shaide mu a kan wannan. Duk wanda aka haifa a nan Ikko sai an aika gida. Da can direbobin motar goro muke ba saƙo, daga baya waya ta zo. Idan kakan yaro yana gida ya dasa da hannunsa, idan yana nan ya naɗa wakili. A hankali wakilcin kowa ya koma hannun mutum ɗaya, Ɗanjuma ɗan ƙaninki Kawu Sale, taubashina, wanda ya rantse shi ba zai taɓa zuwa garin da ake sayen ruwan sha ba. Ranar suna a nan, kafin liman ya yi addu'a, babban cikinmu zai dubi kakan yaro ya ce, "Dutse ya hau?" Shi kuma ya ce, "Ya hau." Sai a shafa fatiha, a ba mahauci izini.

Abin da ba mu yi tunani a kai ba shi ne waɗanda suke mutuwa a nan. A maƙabartar Agege muke binne su. Ba su da kabari a gida, don haka ba inda za a kai dutsensu, sai a bar shi a inda yake. Haihuwar Ikko tana hawa, mutuwar Ikko ba ta sauka.

Zuwana na ƙarshe gida, zuwan jana'izarki ne. Ni na zare dutsenki da hannuna, na kai shi na kafa a wajen kanki. Da na dawo bakin rijiya in wanke hannu, na ga ginin duwatsun ya kai mini ƙirji, ya yi faɗi kamar katangar gidan mai hali. Har an yi wa mata tudun laka da suke takawa kafin su iya zura guga. Duk da baƙin cikin da nake ciki, sai da na ji wani alfahari. Na ce a raina, dubi yadda zuriyar Kaka Bawa ta yaɗu. Sahun da ya yi miki salla bai cika biyu ba, kuma yawanci masu sanda ne. Na gani da idona, amma na ce ai rani ne, kowa yana wajen nema. Na gaskata duwatsun, na ƙaryata sahun. Da na dawo Agege abin da na ba mutane labari ke nan, cewa rijiya ta kai ƙirji, gari yana nan da ƙarfinsa. Kowa ya ji daɗi. Duk wanda ya je bayana ma da wannan labarin yake dawowa, har hanya ta lalace da tsoro aka daina zuwa.

To, ranar da aka haifi jikata, ina fitowa daga asibiti na kira Ɗanjuma. Tun muna yara ni da shi ba mu gama shari'ar wane ne bawan wani ba, don haka na ce masa ubangidansa ya yi jika, ya tashi ya nemo dutse mai kyau, kada ya kawo mini irin kansa mai ƙusurwa huɗu. Ya yi dariya, ya yi mini barka, ya ce bawa bai isa ya aiki ubangida ba amma saboda jaririya zai yi. Na ji kukan tumaki da hon ɗin motoci a bayansa. Na tambaye shi, ya ce yana garin kasuwa ne, da yamma zai koma. Washegari na sake kira, ya ce in kwantar da hankalina, yana ma tsaye a bakin rijiyar.

Ana jibi suna Auwalu ya ce mu je kasuwar Alaba Rago mu zaɓi rago, yana da aboki a can da zai yi mana sauƙi. Muka shiga motar haya ta danfo tun da hantsi, muka sha cunkoso har rigata ta jiƙe. Ina tafe a cikin turakun ina taɓa bayan wannan ina duba haƙoran wancan, ina ta zolayar dillalai, domin a ranar ko marina aka yi dariya zan yi. Sai na hango wani tsoho a durƙushe yana dama wa raguna dusa a cikin rabin durom. Ƙeyarsa na gane, Inna. Ƙeyar gidan Kawu Sale ba ta ɓuya.

Na tsaya a kansa na ce, "Kai bawana, yaushe rijiyar ta ƙaura zuwa Ikko?"

Da wasa na faɗa. Ina jiran ya ɗago ya rama. Ya ɗago, ya dube ni, hannuwansa duk dusa, bai rama ba. Ya ce, "Ta rufta, ɗan Gwaggo. Tun daminar bara waccan."

Na tura Auwalu ya je ya ci gaba da ciniki. Muka zauna a kan buhunan harawa, ya ba ni labari, yana magana yana kallon ragunan mutane.

Ya ce shekaru ke nan ba a yashe ta ba, domin babu sauran saurayin da za a ɗaura wa igiya a zura shi. Ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun ta daɗe tana tsagewa. Ya taɓa kawo shawarar a rage na waɗanda aka binne a Ikko, tsofaffin suka ce a kai su ina, kuma wa zai iya kiran mutum ya ce masa an cire dutsen ubansa an ajiye a gefe. Aka bar maganar. Shi kuma kusan kowane wata waya na shigowa, an haifi wane, an haifi wance, ya je fako da jaki ya ɗauko ya ɗora. Wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi, matarsa ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ba ta kai ba suka ji ƙara kamar gini ya faɗi. Gaba ɗaya bakin ya zube ciki, ƙasa ta bi ta rufe. Allah ya tsare ba kowa a kai.

Su nawa suka rage a lokacin? Shi da matarsa, da tsofaffin da ba su cika tabarma biyu ba. Sun gwada haƙa da fartanya, suka ga duwatsu ne a cushe har ƙasa, ko majiya ƙarfi sai sun yi da gaske. Ya je garin kasuwa neman taimako aka ce ya kawo takardar mai unguwarsu. Ya ce ba su da shi. Aka tura shi ɗaya ɓangaren, can ma aka ce ba a ƙasarsu muke ba. Suka yi rani ɗaya suna ɗauko ruwa a kan jaki daga nesa. Jakin ya mutu. Dangi suka riƙa zuwa suna ɗauke tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ƙarshe. Ya kai matarsa wurin 'yarsu, ya ɗaure ƙofarsa da igiyar guga, ya bi motar raguna. Gonakinmu kuwa mutanen garin kasuwa sun fara shiga da garma.

Na tambaye shi yaran da aka haifa tun daga lokacin fa, waɗanda ya ce mana nasu ya hau. Ya ce, "Duk wanda ya kira ni da murna yake kira. Wa zan fara gaya wa?"

Ban iya yi masa faɗa ba, Inna. Na so in yi, na nemi fushin na rasa. Mutumin nan shi kaɗai ya yi ta ɗaukar mana duwatsu a bayan jaki, muna nan muna cin shinkafar suna. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, idan aka tambaye ni jibi in ce ya hau kamar yadda kowa yake cewa, ba wanda zai je ya duba. Na ce ya wanke hannu ya zo mu tafi gida, zan yi tunani. Muka sa rago a bayan mota, muka dawo mu uku. Auwalu yana ta murnar ganin kawunsa, yana tambayarsa mutanen gida, shi kuma yana cewa suna lafiya.

Na yi tunanin. Na ce idan na faɗa, na ɓata wa Rashida ranar da ta yi shekaru tana jira, na kuma tona mutumin da bai cuci kowa ba. Idan na yi shiru, na fara wa jikata rayuwa da ƙarya daga bakin kakanta, kuma tsofaffinmu za su ci gaba da cewa za su koma. Akwai mai ajiye kwanon rufi a ƙarƙashin gadonsa a Ogba saboda ɗakin da zai gina a gida. Har safiyar suna ban tsayar da magana ba.

An kafa rumfa a kan layinmu, an jera kujerun roba har bakin kwata. Mutanenmu suka zo daga ko'ina, na Ogba, na Ebute Metta, na Alaba, da 'ya'yansu da jikokinsu. Na tsaya ina dubansu. Inna, ko a zamanin da kike ba mu labari Tungar Marke ba ta taɓa tara mutane haka a wuri ɗaya ba. Ga mu nan da yawanmu, a kan titin wani gari, yara suna guje-guje suna faɗa da juna da Yarabanci.

Alhaji Mamman, wanda kika sani yana kiwon awakin gidan liman, shi ne babbanmu yanzu. Da aka raba goro ya gyara murya, ya dube ni yana murmushi, ya yi tambayar da aka saba. Ɗanjuma yana zaune a gefena. Na buɗe baki da niyyar in ce ya hau. Abin da ya fito shi ne, "Bai hau ba, Alhaji. Babu inda zai hau."

Na faɗa musu komai a taƙaice. Na ce kada wanda ya ga laifin Ɗanjuma, nauyinmu ne ya yi wa rijiyar yawa.

Na ɗauka wurin zai hargitse. Bai hargitse ba. Alhaji Mamman ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta juya ta. Tsofaffi biyu ko uku suka yi salati, ɗaya ya rufe fuska da hannun riga. Wani ya ce a kafa kwamiti a je a sake haƙa, aka ce haka ne, haka ne. Wani daga baya ya tambaya idan an haƙa wa zai sha. Samarin da ke tsaye a bakin rumfa suka ɗago kai daga wayoyinsu, suka ga manya sun yi jugum, suka jira kaɗan, suka mayar da kai. Na ji ɗaya yana tambayar na kusa da shi wai a wace jiha ma ƙauyen yake.

Sai Auwalu ya zo ya durƙusa a gabana, cikin ladabi, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, rana tana yi, mahauci yana da wani sunan a gaba."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Yaron kirki ne, ya ga idona ya kawo ruwa, shi ma nasa ya kawo. Amma don ni ya ji zafin, rijiyar ba ta cikin abin da ya rasa. Sau ɗaya ya taɓa ganinta, yana goye.

Na ce a yi addu'a. Liman ya yi, aka raɗa wa yarinya sunanki, aka yanka rago. Muna kiranta Ummi. Ita ce ta farko a zuriyar Kaka Bawa da aka yi wa suna kowa ya san ba ta da dutse.

Da yamma na shiga cikin gida in gaishe da mata. Kakar Rashida tana nan, tsohuwa ce ƙwarai, haihuwar Ikko, uwarta ma haihuwar Ikko. An ce kakanninsu sojan Turawa ne da aka kawo tun da daɗewa. Labari ya riga ya kai mata. Ta kira ni ta ce in zauna, ta ce in daina sa abin a raina. Ta ce su ma an ce daga wani gari suka zo a Arewa, tana yarinya ta san sunansa, yanzu ya ɓace mata, kuma ga shi ba abin da ya same su. Da nufin lallashi ta faɗa. Na yi mata godiya. Na fito ina jin kamar an nuna mini Ummi ce da tsufanta, tana ba wani wannan haƙurin.

Ɗanjuma yana wurina yanzu, na shimfiɗa masa katifa a ɗakina. Da safe yana taya ni jera kaya. Ya daina kira na bawansa, na tsokane shi har na gaji. Maganar kwamiti ba a sake tayar da ita ba. Mai kwanon rufi na ji an ce yana neman mai saye. Alhaji Mamman ya aiko a tambaye ni, idan an yi haihuwa nan gaba me zai riƙa tambaya kafin fatiha. Na ce a gaya masa ban sani ba.

Kada ki ɗauka murnata ta tafi, Inna. Tana nan. Kullum bayan la'asar nakan rufe tebur in je a miƙo mini Ummi, in ɗora ta a ƙirjina, in ji numfashinta a wuyana, in ce ina wuni Inna, kin tashi lafiya. Rashida tana dariya daga ɗaki. A wannan lokacin ba wanda ya kai ni jin daɗi a duk Agege. Sai dai ina so in yi mata alkawarin da kika yi mini, cewa akwai wurin da aka san da ita ko ta yi nisa, in kama hannunta in ɗora a kan wani abu in ce wannan naki ne. Na duba ban ga abin da zan ɗora shi a kai ba. Ɗakin da muke ciki haya ne.

Na tambayi Ɗanjuma maƙabarta fa. Ya ce tana nan, a kan tudu take, ruwa bai taɓa ta ba. Ranar da zai taho ya bi ta wurin ya yi muku sallama, ya ga duwatsunku a tsaye kowanne a wajen kan mai shi, naki har ciyawa ta ɗan kewaye shi ya cire. Don haka idan wani ya bi ta Tungar Marke yau yana son ya san mutanenta, ku zai ƙirga. Ku kaɗai ne naku ke waje. Namu, mu da muke yawo a Ikko muna ci muna sha muna haihuwa, duk suna ƙarƙashin ƙasa.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata miki, ya kai haske kabarinki da na Kaka Bawa da duk waɗanda ke kwance tare da ku a kan tudun nan. Tun da babu sauran mai zuwa ya cire muku ciyawa, Allah ya sa mala'ikun rahama su zama masu ziyartarku. Ya raya Ummi a kan imani, ya ba ta wurin zama da ba za a tashe ta ba, ko da ba ta san sunan namu ba. Ya sada mu a inda ba a ƙaura. Amin.

Ni ne ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba,
daga Agege.